JITAR HANNU: INDA ZAƘIN MURYARTA YAKE FITOWA

Da wuya a shiga majami'a a garuruwanmu yau a rasa jita a cikinta. Matasa sun rungume ta, ƙungiyoyin mawaƙa suna tara kuɗi domin su saye ta, har ta sami wurin zama kusa da ganga da tulu da caki. Amma yawancin waɗanda muka sani na lantarki ne, ko kuwa masu tsirkiyar waya da masana'antu ke fitarwa dubu-dubu. Akwai wata irin jitar da ba kasafai muke ganinta ba, wato jitar gargajiya ta ƙasar Sifen, mai tsirkiya shida masu taushi, wadda mutum ɗaya yakan zauna ya haɗa da hannunsa daga ɗanyen katako har ta yi magana. Ba ta bukatar wuta ko lasifika, amma a hannun gwani takan cika babban zaure, har na kujerar baya ya ji ta garau.

To, me ya sa jita biyu za su yi kama da juna kamar an tsaga kara, amma ɗaya in an taɓa ta sai zuciya ta kwanta, ɗayar kuwa sai ka ce ana buga kwali? Wannan ita ce tambayar da muke so mu bi a wannan makon, gama amsarta ta shafi kuɗin baikon da muke kashewa wajen kayan kiɗa, ta kuma shafi yadda muke kallon aikin hannu.

Kafinta daga Almeriya

Siffar jitar gargajiya kamar yadda duniya ta san ta yau, an fi danganta ta da mutum ɗaya, Antonio de Torres. An haife shi a shekarar 1817 a wani ƙauye kusa da birnin Almeriya, a kudancin Sifen. Kafinta ne tun yana yaro. Daga baya ya koma birnin Sabiya, inda wani shahararren makaɗi mai suna Julián Arcas ya ba shi shawara ya mai da haɗa jita sana'arsa. Ya kuwa ji shawara. A 1858 aka ba shi lambar yabo ta tagulla a wani bikin baje koli a Sabiya.

Jitocin da ake yi kafin zamaninsa ƙanana ne, masu siririn ƙugu da ƙaramar murya, sun fi dacewa da ɗaki. A kan irinsu ne wani limamin coci, Joseph Mohr, ya raka waƙar Kirsimeti da duniya ta sani da suna Silent Night, ranar da aka fara rera ta a garin Oberndorf na ƙasar Ostiriya, a daren 24 ga Disamba, 1818, lokacin Torres yana ɗan shekara ɗaya. Abin da Torres ya yi shi ne, ya faɗaɗa cikin jitar, ya rage kaurin fuskarta, ya kuma tsaya a kan tsawon tsirkiya na milimita 650, wanda har yau shi ne ma'aunin da aka fi bi. Babban makaɗin nan Francisco Tárrega, wanda ake ɗauka uban kiɗan jita na zamani, ya yi shekaru yana kaɗa wadda Torres ya yi a 1864.

Duk da haka sana'ar ba ta ba shi arziki ba. Wajen 1870 ya koma Almeriya ya buɗe shagon sayar da tangaran da kayan gilas, sai a 1875 ya sāke ɗaukar kayan aikinsa. José Luis Romanillos, wanda shi ma mai haɗa jita ne kuma ya rubuta tarihin Torres, ya ƙiyasta cewa jita kimanin 320 ya yi a duk rayuwarsa. Ya rasu a 1892 cikin talauci. Yau kuwa gidajen ajiye kayan tarihi da attajirai ne ke rububin abin da ya bari.

Jitar kwali

Domin mu gane aikinsa, sai mu fara da yadda murya ke fitowa. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wani amo na kirki, gama siririya ce, ba ta iya tura iska mai yawa. Sai ta miƙa rawarta ga jaki, wato ɗan katakon da aka ɗaura ta a kai, jaki kuma ya miƙa wa fuskar jita. Fuskar nan ita ce ke kai da komowa tana tura iska, iskar da ke cikin akwatin kuma tana shiga da fita ta zagayayyen bakin nan, tana ƙara wa amon kauri. Duk wanda ya san molo ko garaya ko gurmi ya riga ya san wannan: fatar da aka ɗaure a kan ƙwarya ko sassaƙaƙƙen itace ita ce mai magana. A jita, siririn allo ne yake yin aikin fatar.

Torres ya haƙiƙance cewa fuska ita ce kan gaba a cikin dukan gaɓoɓin jita. A 1862 ya haɗa wata jita da fuskar katako mai kyau, amma bayanta da gefunanta na kwali ne, wato takarda da aka manna da gam har ta yi tauri. Aka kaɗa, ta yi murya irin ta jita sosai. Har yanzu tana nan a gidan ajiye kayan kiɗa na birnin Basalona. Masu sana'ar sun yarda cewa baya da gefe suna ƙara wa murya launi, amma jitar kwalin nan ta nuna inda tushen al'amarin yake.

Ga kuma wahalar. Tsirkiyoyi shida in an ɗaure su daidai suna jan jaki da ƙarfin da ya kai wajen kilo 40, kusa da nauyin buhun siminti ke nan, dare da rana ba hutawa. Allon da ke ɗauke da wannan ja kuwa kaurinsa milimita biyu ne zuwa biyu da rabi. In an bar shi da kauri zai jure, amma muryar ta shaƙe. In an kankare shi da yawa zai yi ƙara na ɗan lokaci, sa'an nan ya lotsa ko ya tsage. Dukan gwanintar mai haɗa jita tana tsakanin waɗannan ramuka biyu.

Azarar da ba a gani

Maganin da ake yi wa matsalar yana ɓoye a ciki. A ƙarƙashin fuskar ana manna waɗansu siraran tsinkayen katako, kamar yadda magini yake jera azara a ƙarƙashin rufin soro. Masu haɗa jita na birnin Kadis sun riga Torres yin haka, amma shi ne ya daidaita tsarin: tsinkaye bakwai da suka bazu kamar yatsun hannu daga wajen baki zuwa gindin jita, da waɗansu biyu da suka tare su a ƙasa. Ya kuma ba fuskar ɗan tudu kaɗan, wanda ido da ƙyar yake gani, domin abin da aka lanƙwasa ya fi shimfiɗaɗɗe ƙarfi, kamar dai ɗaurin guga a ginin ƙasa.

Kowane tsinke da wuƙa ake feƙe shi bayan an manna, kaɗan-kaɗan. Masassaƙi yakan ɗaga allon ya riƙe shi kusa da kunne, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya saurara, ya ɗan lanƙwasa shi ya ji taurinsa, ya sāke kankarewa. Ba allo biyu da suke daidai, ko da daga itace ɗaya aka tsago su. Inji yakan yanke dukan alluna a kauri ɗaya, domin kada a dawo wa kamfani da fasassu, saboda haka yakan bar su da kauri fiye da kima. Hannu ne kaɗai ke tambayar kowane allo iyakar abin da zai iya ɗauka.

Da tsufa ya kama Torres hannuwansa suka riƙa rawa, sai wani fada, abokinsa, mai suna Juan Martínez Sirvent, ya riƙa zuwa yana taya shi aiki. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1931, fadan ya ba da labarin wata rana da ana cin abinci, wani limami ya roƙi Torres kada ya tafi kabari da asirinsa. Torres ya yi murmushi ya nuna masa babban yatsa da manuni, ya ce asirin yana kan waɗannan, su ne ke gaya wa hankalinsa ko allo ya kai yadda ake so, wannan kuwa ba abin da za a bar wa wani gado ba ne. Ashe ba laya ba ce, ba kuma wani magani ake shafawa ba. Shekaru ne na taɓa katako har yatsu suka koyi ji.

Itace da haƙuri

Fuskar jita ta gargajiya da itacen sifirus ake yin ta, wanda ke tsirowa a duwatsu masu sanyi na Turai. Sanyi yana sa shi girma a hankali, zarensa ya fito a miƙe kusa da juna, ya zama mara nauyi amma mai tauri. Akan tsaga gungumen bisa ga zarensa, a raba allo ɗaya biyu a buɗe shi kamar littafi a haɗa a tsakiya, domin hagu da dama su zama daidai. Kafin a taɓa shi sai ya yi shekaru a ajiye yana bushewa, har akwai gidajen da ɗa yake aiki da katakon da ubansa ya saya.

Baya da gefuna akan yi su da itace mai nauyi. Wanda aka fi so a dā shi ne wani jan itace mai ƙamshi na ƙasar Birazil, amma saran da aka yi masa ya kai ga a 1992 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, sai aka fi komawa ga ɗan'uwansa na Indiya. Wuyan jita da itacen da ke dangi ɗaya da maɗacinmu ake yi. Baƙin allon da yatsun hagu ke dannawa kuwa, yawancinsa daga dazuzzukan Afirka yake fitowa, musamman Kamaru, itacen kuma ɗan'uwan kanya ne. Ashe duk inda aka kaɗa jita mai daraja a duniya, akwai hannun nahiyarmu a ciki.

Abin lura shi ne, Torres bai cika samun katako mai tsada ba. An ga jitocinsa masu fuskar da aka harhaɗa da gutsattsari uku ko huɗu, waɗansu har da tabon reshe a jiki. Taurin allo da amonsa yake dubawa, kyan gani yana biyo baya.

Gam ɗin gargajiya daga fata da ƙashin dabba ake dafa shi, ana shafa shi da ɗumi. In ya bushe yakan yi tauri ƙwarai, in kuma gyara ya taso, ɗumi da laima sukan sake shi ba tare da an fasa katako ba. Adon da ke kewaye da bakin jita ba zane ba ne. Dubban ƙananan gutsattsarin itace ne masu launi da aka jera, aikin da sai mai ɗinkin hula zai gane wahalarsa. Daga ƙarshe sai shafe. Akwai wani ƙaro da ake kira shelak, wanda waɗansu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Akan narkar da shi a cikin sifirit, a riƙa goga shi da ɗan ƙunshin tsumma, shafi bisa shafi, har makonni. Sakamakon shi ne sheƙi mai siranta ƙwarai, wanda ba ya danne rawar allo. Fenti mai kauri irin na masana'anta ya fi ƙyalli da jure wahala, amma kamar a sa wa mawaƙi bargo a baki ne. Saboda dukan wannan, mutumin da ke aiki shi kaɗai da wuya ya wuce jita goma zuwa goma sha biyar a shekara. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi yakan dafa dutse.

Murya iri-iri

Me kunne zai nema a jita mai kyau? Na fari, ta amsa ko da an taɓa ta a hankali. Na biyu, amon ya daɗe kafin ya mutu. Na uku, manyan tsirkiyoyi kada su haɗiye ƙanana, in an kaɗa uku ko huɗu tare a ji kowace da muryarta, kamar ƙungiyar mawaƙan da ta sha horo. Na huɗu, ta iya sauya launi: in an kaɗa kusa da jaki amo ya fito da kaifi, in an matsa wajen wuya ya fito da taushi. Makaɗan wannan jita da tsokar yatsa da farce suke kaɗawa, shi ya sa za ka ga suna gyaran faratan hannun dama kamar kayan aiki.

Irin itacen fuska ma yana da nasa hali. Sifirus yakan ba da murya garau, wadda ke ƙara buɗewa da shekaru in ana kaɗawa. A shekarun 1960 José Ramírez na Uku, na gidan Ramírez da aka kafa a Madrid a 1882, ya yaɗa amfani da jan sida na Arewacin Amurka, mai murya mai ɗumi da kauri tun tana sabuwa. Daga baya Greg Smallman na Ostireliya ya fito da fuska mai siranta ƙwarai da tsinkaye masu saƙar raga, domin ƙarin ƙarfin murya, kuma shahararren makaɗi John Williams ya karɓe ta. Har yau ana muhawara: waɗansu suna son ƙarfin sabon tsari, waɗansu sun ce zaƙin na Torres ba shi da na biyu.

Tsirkiya ma ta sauya. A dā uku ƙanana da hanjin tumaki ake murɗa su, uku manya kuma siliki ne da aka naɗe da siririyar waya. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa suka yi wuyar samu, sai Albert Augustine a birnin Niyok, tare da ƙarfafawar makaɗi Andrés Segovia, ya fito da na nailan a ƙarshen shekarun 1940. Shi Segovia, wanda ya kai jita manyan zaurukan duniya, yana saurayi mara kuɗi ya shiga shagon Manuel Ramírez a Madrid neman hayar jita. Da mai shagon ya ji kiɗansa, sai ya ba shi ita kyauta. Ya yi shekaru fiye da ashirin da ita, kafin ya koma ga wadda Bajamushe Hermann Hauser ya yi masa a 1937 bisa tafarkin masassaƙan Sifen. Dukansu biyu suna gidan tarihi na Metropolitan a Niyok.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa, Littafi Mai Tsarki bai raina irin wannan aiki ba. A Fitowa sura 31 mun ga yadda Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin ƙarfe da dutse da sassaƙar itace. A 1 Sarakuna sura 10 mun ga Sulemanu ya ɗauki itace mai daraja da jiragen ruwa suka kawo daga Ofir, ya sa aka yi wa mawaƙa kayan kiɗa da shi. Zabura ta 33 kuma tana kiran masu yabo su yi kiɗa da gwaninta. Kayan kiɗan sujada sun cancanci a zaɓe su da hankali, a kuma riƙe su da amana.

Mun sani ikkilisiyoyinmu kaɗan ne za su iya sayen jitar babban masassaƙi, gama kuɗinta yakan kai na mota. Amma akwai masu matsakaicin kuɗi da aka yi bisa tsarin nan, kuma ilimin da muka bayar zai taimaki kwamitin da aka aika kasuwa. An ce gani ya kori ji, amma wajen sayen jita ji ne ya kamata ya kori gani. A tafi da wanda ya iya kaɗawa, wani kuma ya tsaya nesa ya saurara. A duba gefen bakin jita: in zaren itacen ya ratsa kaurin allon daga sama har ƙasa, allo ɗaya ne na gaske; in an ga layi-layi kamar an jera takardu, mannannen katako ne. A danna kowace tsirkiya tun daga sama har ƙasan wuya a ji ko tana zuza. A duba ko jaki ya fara ɗagawa. Kada ƙyalli ya ruɗe mu, araha kuma ba ta ado.

Bayan saye sai riƙo. Jita tana son laimar iska ta tsaka-tsaki, wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A lokacin hunturu laimar iskarmu takan faɗi ƙasa da kashi 20, sai allo ya tsuke ya tsage, kamar yadda ƙofofi da kujerun majami'a suke yi. Saboda haka a ajiye ta cikin akwatinta a rufe, tare da ɗan soso mai laima a cikin robar sabulu da aka huhhuda, yadda ruwa ba zai taɓa katako ba. Kada a bar ta cikin mota a rana, ko a jingine ta inda zafin kwano ke sauka, gama zafi yana sake gam. Kada kuma ko kusa a ɗaura mata tsirkiyar waya don ta nailan ta yi wuyar samu. Jan waya ya fi ƙarfin da aka gina ta dominsa, zai ɓalle jaki ya lanƙwasa wuya. In ta tsage, a sassauta tsirkiyoyi a nemi wanda ya san gyara, ban da ƙusa. Ya kamata a damƙa ta a hannun mutum ɗaya da dattawa suka sani, domin kayan kowa da kowa shi ne kayan da ba mai kula.

Akwai kuma kafintoci da masassaƙa da yawa a cikin ikkilisiyoyinmu, da yara masu hannu da ake ganin kamar sun kāsa ne don ba su zama ma'aikatan ofis ba. Torres kafinta ne, limaminsa kuma bai ga ƙasƙanci ba ne ya naɗe hannun riga ya riƙe masa katako. Bari mu ma mu girmama masu aikin hannu a cikinmu, mu biya su hakkinsu a kan kari, mu daina matsa musu su yi aikin wata guda cikin mako ɗaya sa'an nan mu zarge su da ha'inci.

Tsinkaye bakwai ɗin nan da ke cikin jita, mai saye ba ya ganinsu, mai sauraro ma bai san da su ba. Masassaƙi yana iya yi musu aikin gaggawa ya rufe akwati, ba wanda zai kama shi a ranar. Amma da zarar an taɓa tsirkiya, muryar za ta faɗi abin da aka yi a ɓoye, za ta kuma yi ta faɗa muddin jitar tana nan. Haka aikin mai koyar da yara a makarantar Lahadi yake, da na ma'ajin ikkilisiya, da na uwa a cikin gida. Ubangiji ya ba mu aminci a cikin aikin da ido ba ya gani. Amin.